Daga Ina Tsutsar Kwandon Shara Take Fitowa?

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da warhaka.

Jiya da yamma aka zuba ragowar miya da ƙayar kifi a kwandon shara. Yau da hantsi an ɗaga murfi, sai ga fararen tsutsotsi suna motsi, ga wari ya cika tsakar gida. Mutane da dama sun ɗauka ruɓar abincin ce take rikiɗa ta zama tsutsa. Ba haka ba ne. Tun a 1668 wani likita ɗan ƙasar Italiya, Francesco Redi, ya gwada: ya sa nama a kwalabe, ya bar wasu a buɗe, ya rufe bakin wasu. Waɗanda ƙuda ya samu shiga ne kaɗai suka yi tsutsa. Ashe tsutsa 'yar ƙuda ce.

Macen ƙuda tana yin ƙwai 75 zuwa 150 a zama ɗaya, farare, ƙanana, kamar tsakin shinkafa. Ku duba ƙarƙashin murfi ko gefen leda, a nan take jera su. Idan akwai ɗumi, kafin kwana ɗaya ya cika sun ƙyanƙyashe. Tsutsar za ta yi kwana uku zuwa biyar tana ci, sannan ta rarrafo ta nemi busasshen lungu, ta ƙame cikin wani ɓawo ruwan ƙasa. A zafi irin namu, daga ƙwai zuwa sabon ƙuda bai wuce kwana 7 zuwa 10 ba. To kun ga sharar da ta yi mako guda a ajiye ta zama gidan haihuwa. Kuma ƙudan da ya tashi daga nan, kwanon tuwon yara zai sauka, ɗauke da ƙwayoyin gudawa, taifot da kwalara a ƙafafunsa.

Abu biyu ƙuda yake nema: hanyar shiga da danshi. Danshin nan shi ne kuma uwar wari. Idan jiƙaƙƙen abinci ya danne a ƙasan kwando inda iska ba ta kaiwa, ƙwayoyin cuta suna ruɓar da shi, su fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Baƙin ruwan da ke kwantawa a gindin kwando, daga nan ɗoyin yake tashi.

Don haka babban aikin a kicin yake, tun kafin shara ta isa kwando. Uwargida, ki tsiyaye ruwan duk wani ragowar abinci kafin ki zubar. Ɓawon doya, na dankali, na kankana, idan akwai akuya ko tumaki a gida ko a maƙwabta, rabonsu ne. Ragowar tuwon da bai lalace ba a shanya shi, kaji su samu. Abin da ya fi jan ƙuda, wato hanjin kaza, kan kifi, jini da kunzugun jarirai, a ƙulle shi tam a ledarsa daban, kuma kada ya kwana biyu a gida. Da Babbar Sallah ma, ranar da aka wanke tumbi a ranar ya kamata ƙazantar ta fita, ko a haƙa rami a binne.

Shi kansa kwandon, ya zama mai murfi da ke zama daidai. Tsohon bokitin fenti mai murfi ya fi babban kwando buɗaɗɗe. A shimfiɗa kwali a ƙasansa, a barbaɗa toka. Tokar murhu tana shanye danshi, tana rage wari, kuma ba a sayenta. A ajiye shi a inuwa, inda ruwan sama ba zai shiga ba, musamman da damina. A fitar da shara duk bayan kwana biyu ko uku, ko ba ta cika ba. Kuma don Allah, idan an ba yaro ko mai kura ya kai, a tabbatar bola ya kai, ba kwata ba. A Kano hukumar REMASAB ce ke kwashe bola, amma abin da aka juye a magudanar ruwa toshe ta yake yi, ambaliya ta dawo da shi ƙofar gida. Murfin nan yana kuma hana ɓera, kuma ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa.

Idan tsutsa ta riga ta fito fa? A juye sharar a leda, a ɗaure. A tafasa ruwa, a kawar da yara, a kwarara shi a jikin kwandon har da murfi da lungunansa. Nan take za su mutu. Sai a cuɗa da omo da tsohuwar tsintsiya, a ɗauraye da ruwan da aka ɗan ɗiga Hypo ko Jik. Kada a haɗa su da ruwan wanke masai irin Harpic, domin haɗin yana fitar da iska mai guba da ke shaƙe numfashi. Ota-fiya-fiya da Sniper kuwa, ina roƙonku ku bar su. Guba ce mai ƙarfi, NAFDAC ta sha gargaɗi a kan amfani da ita a cikin gida, ga yara suna wasa a wurin, ga kaji suna tsattsage. Ruwan zafi ya wadatar.

Bayan wanki, a kifa kwandon a rana har ya bushe ƙarau kafin a sa sabuwar leda. A leƙa ƙarƙashinsa da gindin bango kuma, a share 'yan ɓawon nan ruwan ƙasa, a zuba su a ruwan zafi, domin kowane ɗaya da ƙuda a cikinsa. Wankin nan sau ɗaya a mako ya isa.