Dokin da ake sakar wa baki: lacca kan wasan tsallaken shinge

Assalamu alaikum. Iyayenmu da ke gaba, Allah ya ƙara girma. Samarin barga da na hango can baya, ku matso, don yawancin maganar taku ce.

Wasan tsallake shinge da doki ba don nishaɗi aka fara shi ba. A ƙarni na 18 aka yi ta kafa dokoki a Ingila da suka ba masu ƙasa damar killace filayen da a da kowa ke ratsawa. Masu farautar yanyawa da karnuka suka wayi gari ko'ina shinge ne da kwalbati da katanga. Ko dai dokinka ya tsallake, ko karnuka su bar ka. Daga nan aka fara fahariyar dokin wa ya fi, har aka kawo shingayen cikin fili don jama'a su yi kallo.

Yau abin ya rabu biyu. Akwai ajin dokin farauta, wanda ya fi ƙarfi a Amurka. A nan alƙali ne ke ba da maki da idonsa: shin dokin ya riƙe tafiya ɗaya daga farko har ƙarshe, ya naɗe ƙafafun gaba daidai da juna, bai yi gardama ba? Shingayen ma launin itace da ganye ake musu, kamar a daji. Sai ajin tsalle, wanda shi ne a gasar Olamfik, kuma shi ba ruwansa da kyau. Ka ka da sandar shinge, a rubuta maka makin laifi 4. Doki ya turje, laifi 4. Ya sake, a dokar FEI, hukumar wasannin dawaki ta duniya, an fitar da kai. Waɗanda suka fita ba laifi su sake karawa a gajeren zagaye, mai sauri ya ci. Ni dai na fi son na biyun, don ba a gardama da agogo.

To, ga inda nake so ku ba ni kunne. Turawan da can, idan doki zai yi tsalle, sai mahayi ya kwanta baya, ya miƙe ƙafa, ya ja linzami, wai yana taimakonsa. Wani hafsan sojan doki na Italiya, Federico Caprilli, ya tsaya yana kallon dawakai suna tsalle ba kowa a kansu. Ya ga doki da wuyansa yake daidaita jiki: yana miƙa shi gaba da ƙasa, bayansa ya lanƙwashe. Ashe jan linzamin nan cuta ce. Sai ya rage tsawon likkafa, ya ce mahayi ya ɗaga daga sirdi, ya bi dokin gaba, hannunsa ya bi bakin. Caprilli ya rasu a 1907, amma duk wanda kuka gani a talabijin yana tsalle yau, zamansa yake yi.

Mu nan hannunmu ya saba da wani aiki daban. Ranar hawan sallah a Kano ko Katsina, gwani shi ne wanda zai sako sukuwa ya zame cak a gaban sarki. Linzaminmu mai kaifi da sirdinmu mai tudu gaba da baya don wannan aka yi su, kuma sun dace da shi. Amma ka kai su gaban shinge, tudun gaba zai hana ka tashi, linzami ya daki bakin doki yana sama. Sau biyu ko uku ya isa: dokin zai haɗa shinge da zafi, ya daina zuwa. Sai ka ji ana cewa doki ne matsoraci.

Wani ya tambaya daga baya: ina gwanintar take in an saki baki? Tana ƙasa, kafin a hau. Za ku ga mahaya sun shiga fili da ƙafa suna taku suna ƙirge. Takun doki ɗaya ana lissafa shi ƙafa 12, wato takun mutum huɗu manya. Idan tsakanin shinge biyu ƙafa 72 ne, ka cire 6 na dira, ka cire 6 na tashi, saura 60: taku biyar ke nan. Mai tsara fili kuwa da gangan yake ƙara ƙafa uku ko ya rage. Dole ka yanke tun a ƙasa: za ka buɗe wa dokinka ya yi biyar dogaye, ko ka tattara shi ya yi shida gajeru? Sandunan kuma a kan 'yan ƙoƙuna marasa zurfi suke zaune, kofato ya ɗan shafa sun faɗi. A Olamfik tsayinsu na kaiwa mita 1.65. Mafi tsayin da aka taɓa tsallakewa a hukumance mita 2.47 ne, wani doki Huaso da Kyaftin Alberto Larraguibel ya hau a ƙasar Chile a 1949, kuma har yau ba a karya ba.

Kada ku ce sai Bature. Khaled Al-Eid na Saudiyya ya ci lambar tagulla a gasar Olamfik ta Sidni a 2000, tawagarsu ta sake ci a Landan a 2012.

Mai son gwadawa, ya fara da sanda ɗaya kwance a ƙasa, a wuri mai yashi, da sirdin folo da linzami mai laushi, da hular kwano a kansa. Doki ya ratsa ta da sassarfa har ya daina kallonta, sannan a ɗaga ta taƙi ɗaya. Malam mai gabatarwa yana ta nuna mini agogo, don haka sai a kawo tambayoyi.