Pisa: Majami'ar da Hasumiyarta ta Fi ta Suna

Kowa ya san wannan hasumiyar da ta karkace. Masu yawon buɗe ido sai su miƙa hannu kamar suna tallafe ta, a ɗauke su hoto, su kama gabansu. To, hasumiyar ƙararrawa ce kawai. Uwar ginin na gefenta: babbar majami'ar birnin Pisa a ƙasar Italiya.

A shekarar 1063 jiragen ruwan Pisa suka kai hari Palermo, wanda a lokacin yake hannun Musulmi a tsibirin Sisili, suka dawo da ganima mai yawa. Da wannan dukiya aka fara ginin, ƙarƙashin jagorancin magini Buscheto, Fafaroma Gelasius na Biyu kuma ya keɓe shi don ibada a 1118.

Ku dubi bangon da kyau. Layin marmara fari, layin marmara mai duhu, suna bin juna har sama. Mutanen Pisa fatake ne na teku, sun ga gine-ginen Rumawa da na Larabawa, kuma abin da ido ya gani ya biyo su gida. Can ƙololuwar rufin ta gabas akwai wata dabba mai jikin zaki da fukafukai da kan mikiya. Maƙeran Musulmi ne suka zuba ta da tagulla wajen ƙarni na 11, galibi ana cewa a Andalus, har da rubutun Larabci na fatan albarka a jikinta. Ɗaruruwan shekaru tana bisa coci, rana da ruwa. Yanzu ta asalin tana gidan tarihi, kwafi ne a sama.

Ga ɗakin baftisma, zagayayye, wanda aka fara a 1152, babu kamarsa girma a duk Italiya. Nicola Pisano ya sassaƙa mumbarinsa a 1260. Amma abin da zai tsaya muku a rai shi ne amsa-kuwwa: ma'aikaci ya tsaya a tsakiya ya ja murya ɗaya, kafin ta mutu ya ɗora wata, sai ka rantse mutum uku ne ke rerawa.

Ita hasumiyar, an soma ta a 1173, tun tana hawa na uku ƙasa mai laushi ta fara nutsewa, daga baya hasumiyar ta karkata ta kudu. Sai 1372 aka gama ta. A 1990 aka rufe ta, injiniyoyi suka riƙa zaƙulo ƙasa kaɗan-kaɗan daga gefen arewa har ta ɗan miƙe, aka sake buɗe ta a 2001.

Daga arewa kuwa maƙabartar Camposanto ce. A Yulin 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu, wuta ta kama rufinta, darma ta narke ta kwarara kan zane-zanen bango. Da aka ɓamɓare su don ceto, sai aka tarar da zanen farko na jar ƙasa da masu fasahar suka yi a ƙarƙashi, har aka buɗe wa waɗannan zane-zanen gidan tarihi nasu a gefen filin majami'ar.