Me Ya Haɗa Masu Rubuta Manhaja da Kyanwa da Taurari?

Assalamu alaikum, jama'a, barkanmu da sake saduwa.

Duk wanda ya taɓa zama cikin masu rubuta manhajar kwamfuta ya san yadda hirarsu take tafiya. Za a fara da maganar aiki: wani ya kwana yana neman kuskuren da ya hana manhajarsa tashi, ashe waƙafi ɗaya ne ya ɓace a layi na ɗari huɗu. Kafin a gama yi masa dariya, wani ya ciro waya yana nuna hoton kyanwarsa kwance a kan kwamfuta. Can kuma wani ya ce, wa ya ga wata jiya da daddare, akwai wani tauraro mai haske da ya raɓe shi. Shi ke nan, an bar maganar aiki.

Wanda ba ya cikin harkar zai ce surutu ne na marasa abin yi. Ni dai a ganina ba haka ba ne, domin yawancin wannan surutu ya bi ta bayan fage ya shige cikin manhajojin da ke wayarku yanzu haka. Bari ku ga ta inda ya bi.

Mu fara da kyanwa. Abin da ke kai ta kan kwamfuta ba wani sirri ba ne. Zafin jikinta ya kai digiri 38 zuwa 39, ya ɗara na mutum, tana kuma son wuri mai ɗumi. Kwamfutar cinya idan ta yi aiki tana hura iska mai zafi, ga kuma hankalin maigidan duk yana wurin. To ina za ta kwanta in ba nan ba? Matsalar ita ce, idan ta taka madannai, kwamfuta ba ta san bambancin yatsan mutum da ƙafar kyanwa ba. Tana iya goge aikin awa biyu, ko ta aika wa abokan aikinka saƙon da babu mai iya karantawa.

Wani mutum a birnin Tucson na jihar Arizona a Amurka, Chris Niswander, ya ɗauki wannan ƙorafi da gaske, ya rubuta manhaja mai suna PawSense. Dabararta mai sauƙi ce. Mutum yana danna harafi ɗaya bayan ɗaya, a wurare daban-daban. Kyanwa kuwa tafin ƙafarta yana danne haruffa uku ko huɗu da ke maƙwabtaka a lokaci guda. Da manhajar ta ga irin wannan, sai ta kulle madannan, ta kuma saki wani sauti da zai kori kyanwar. A shekarar 2000 aka ba shi kyautar Ig Nobel, wadda ake bayarwa don binciken da zai fara ba ka dariya kafin ya sa ka tunani.

Akwai kuma wani amfani da suke yi da dabbar gida wanda ba wasa ba ne ko kaɗan. Idan manhaja ta ƙi aiki, mai rubutun yakan juya ya yi wa karensa ko kyanwarsa bayani, layi bayan layi, da babbar murya. Wanda ba shi da dabba sai ya ajiye 'yar agwagwar roba a kan tebur. Ba don za ta amsa ba. Abin da kake tsallakewa idan kana tunani a zuci, dole ka furta shi idan kana bayani, kuma sau da yawa a wurin furtawar ne kake jin inda ka yi tuntuɓe.

Yanzu mu koma ga wani tsuntsu mai ƙaton ciki, fenguwin. Sunansa Tux, shi ne tambarin Linux, manhajar da Linus Torvalds ɗan ƙasar Finland ya fara saki a 1991, wadda kuma a kanta aka gina Android. Labarin da shi Torvalds yake bayarwa shi ne, ya je gidan ajiye namun daji a Canberra ta Ostireliya, wani ɗan ƙaramin fenguwin ya cije shi a yatsa, tun daga nan tsuntsun ya shiga ransa. Da aka zo neman tambari a 1996, sai ya ce shi ba ya son wani abu mai ban tsoro, yana son fenguwin da ya ci kifi ya ƙoshi, ya zauna yana murmushi. Larry Ewing ya zana shi da manhajar zane ta GIMP. Yau wannan tsuntsu da ya ƙoshi shi ne tambarin manhajar da ke gudanar da duka manyan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya.

Sauran manhajoji ma haka suke da tambarin dabbobi. Docker na da kifi whale ɗauke da kwantenoni, PHP da PostgreSQL giwa, MySQL dolfin, Rust ƙaguwa. Hadoop kuwa sunan giwar wasa ce ta ɗan mutumin da ya ƙirƙiro ta, Doug Cutting.

Amma inda maganar dabbobi ta fi shiga cikin aikin kansa shi ne wajen kula da saba, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet. A da, kamfani yana da saba biyar ko goma, kowace da sunanta. Wasu su sa musu sunayen taurari, wasu na duniyoyi, wasu na karnukansu. Idan ɗaya ta yi ciwo da tsakar dare, sai injiniya ya tashi daga barci ya zauna yana jinyarta har ta farfaɗo, domin babu wata irinta, kuma shi kaɗai ya san abin da ya cusa a cikinta tsawon shekaru.

Wajen 2012 wata magana ta bazu a tsakaninsu, wadda ake dangantawa da Bill Baker na kamfanin Microsoft, Randy Bias kuma ya yaɗa ta: ku daina ɗaukar saba kamar dabbar gida, ku ɗauke ta kamar garke. Ma'ana, kada a ba ta suna, a ba ta lamba. A rubuta tsarin haɗa ta gaba ɗaya a fayil, ta yadda idan ta lalace ba za a yi jinya ba, za a kashe ta a tayar da sabuwa cikin mintuna. Netflix ta kai abin ƙarshe, ta rubuta wata manhaja mai suna Chaos Monkey, wadda aikinta kawai ta riƙa kashe sabobin kamfanin da gangan a lokacin aiki, don a tabbatar cewa mutuwar ɗaya ba za ta tsayar da fim ɗin kowa ba. A 2012 suka sake ta kyauta.

Dabarar tana da kyau, amma misalin bai zauna mini ba. Wanda ya yi shi yana tunanin gonakin Amurka ne, inda ake manna wa saniya lamba a kunne. Makiyayin da muka sani ya san kowace saniya a garkensa da kamanninta da halinta da uwar da ta haife ta, kuma ba ya yarda ɗaya ta faɗi don akwai saura. Su ma injiniyoyin, idan ka matsa musu, za su gaya maka akwai wata tsohuwar saba a lungu da har yanzu suke lallaɓawa, wadda babu mai ƙarfin halin taɓa ta.

To, taurari fa? Dalili na farko a fili yake: mutanen nan 'yan dare ne. Dare ne babu kiran waya, babu taro. Mutum ya gaji da kallon allo ƙarfe biyu na dare, ya fito shan iska, me zai gani in ba sama ba? Dalili na biyu ya fi wannan ƙarfi. Sama tana bin lissafi, su kuwa duk abin da ke bin lissafi hannunsu ƙaiƙayi yake yi sai sun rubuta shi.

Haka Stellarium ta samo asali. Wani Bafaranshe, Fabien Chéreau, ya fara ta a 2001, kuma har yau kyauta ce, masu sa kai ne ke kula da ita. Ka ba ta wurin da kake da lokaci, ta zana maka sama yadda take a kanka. Ba hoto take ɗaukowa ba, lissafi take yi. Akwai kundin da ya ƙunshi matsayin taurari sama da 600,000. Duniya tana kammala juyi ɗaya, idan aka auna da taurari, cikin awa 23 da minti 56, shi ya sa kowane tauraro yake riga fitowarsa ta jiya da kusan minti 4. Tara minti huɗun nan wata guda, ka samu awa biyu. Abin da ya sa ke nan kaza da 'ya'yanta suke bayyana da farkon dare a lokacin hunturu, su ɓace idan bazara ta yi nisa. Duniyoyi kuwa, irin su Zara, kowace da nata lissafin, domin su ma tafiya suke yi. Har akwai maɓallin da ke mayar da allon ja, saboda ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske kuma yana ɓata wannan sabon nan take.

Mutum ɗaya ya haɗa abubuwan nan uku a jikinsa. Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya sayar da kamfaninsa, ya biya kimanin dala miliyan 20 ya tafi tashar sararin samaniya a Afrilun 2002. Da ya dawo ya kafa Ubuntu, wani nau'in Linux, wanda ke fitowa duk wata shida, kuma kowace fitowa da sunan dabba. Ta farko, a Oktoban 2004, sunan gadu aka ba ta, mai kuraje ma kuwa, domin sun san aikin bai gama gyaruwa ba.

Sai Galaxy Zoo, wadda ita kam a tsakiyar hira aka haife ta. A Jami'ar Oxford, wani ɗalibin digirin digirgir, Kevin Schawinski, ya shafe mako guda yana tantance hotunan tarin taurari 50,000 da idonsa, wannan mai siffar ƙwai ne, wancan mai murɗe ne. Saura kusan 900,000 ke jiransa. Yana yi wa abokin aikinsa Chris Lintott ƙorafi a wata mashaya bayan an tashi aiki, sai shawara ta zo: me zai hana a zuba hotunan a intanet, jama'a su taya? A Yulin 2007 aka buɗe. Cikin kwana ɗaya ana samun tantancewa kusan 70,000 a awa guda. A cikin masu taimakon akwai wata malamar makaranta 'yar Holan, Hanny van Arkel, wadda ta ga wani baƙon gajimare mai haske a gefen wani hoto, ta tambaya mene ne wannan. Masana ba su da amsa a lokacin. Yau abin yana ɗauke da sunanta.

Kada dai in yi muku zaƙin baki, hirar tana da nata aibin. Sabon shiga yakan zo da tambaya mai muhimmanci, ta nutse a ƙarƙashin hotunan karnuka. Wani lokacin kuma barkwancin tsofaffin hannu yana sa baƙo ya ji kamar ba a son sa. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa suke ware wa hirar wurinta daban. Amma ba su hana ta ba, kuma da dalili. Manhajar kyauta mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba ne ke rubuta ta, wani a Barazil, wani a Indiya, babu albashi babu shugaba mai kora. Ranar da za ka ce wa mutum aikin da ya kwana uku yana yi bai yi ba, a sake, maganar ta fi saurin shiga idan jiya kun yi hirar karensa da ba shi da lafiya.

Ga inda irin wannan aiki ya kai. Ranar 19 ga Afrilun 2021, wani ɗan jirgi mai saukar ungulu mai suna Ingenuity, nauyinsa kilo 1.8, ya tashi a duniyar Mars. Ya yi sama mita 3, ya daɗe daƙiƙa 39. Linux ce ke cikinsa, a kan guntun na'ura irin na wayar hannu. Bayan tashin, GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ta manna wata alama a shafukan mutane kusan 12,000 waɗanda rubutunsu ya shiga cikin manhajojin da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta yi amfani da su a aikin. Da yawansu ba su ma san da zancen ba sai da suka ga alamar, wani gyaran layi biyu kawai ya taɓa yi shekaru da suka wuce. An tsara jirgin zai tashi sau 5. Sai da ya tashi sau 72, kafin fiffikensa ya karye a Janairun 2024.