Baba Soja bai dawo daga Bama ba

Salamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da ƙarar iska, sanyi ake zubawa a Landan yau kamar me. 11 ga Nuwamba ce, kun ga kowa ya maƙala jan furen nan na takarda a ƙirji, ƙarfe 11 na yi aka yi tsit na minti biyu don tuna sojojinsu, ni kuwa ina tsaye hankalina gaba ɗaya ya tafi ƙauyenmu can bayan Ringim.

Kakata, Inna muke ce mata, tana da wa da ya tafi yaƙin Bama, wato ƙasar Burma da ake ce wa Myanmar yanzu, lokacin yaƙin duniya na biyu, bai dawo ba. Mu dai mun tashi muna jin ana cewa Baba Soja, ko hotonsa babu. Ta ce tana 'yar ƙarama aka zo daga wajen hakimi ana neman samari, lokacin ana cirar gyaɗa, ya ajiye fartanya ya bi su, a tashar Ringim ya hau jirgin ƙasa, ita abin da ta riƙe kawai ya saya mata rake ya ce kar ta yi kuka. Shi kenan fa.

Da na zo nan na shiga tono a intanet. Ashe a 1943 aka kwashe su daga Ikko a jirgin ruwa, suka zagaya ta ƙasan Afirka har Indiya, runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma kenan, daga nan aka tura su kwarin kogin Kaladan su kara da Japanawa, daji ne mai duhu ga ruwa ga sauro, mota ba ta shiga, a ka suke ɗaukar kaya, abinci ma ta jirgin sama ake jefo musu. Ku duba fa, mutumin da ya saba da rairayin Jigawa.

Wahalar da na sha wajen neman sunansa ba kaɗan ba ce, don Turawa ba sunan uba suke rubutawa ba, sunanka da na garinku kawai, ga rubutun a karkace. Wata uku ina fama, sai da Yaya ya buɗe tsohuwar adakar Inna ya samo wata takarda da gara ta ci gefenta, lambar sojansa na jiki. Da ita na same shi. Sunansa na jikin ginshiƙan maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, cikin mutum kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba.

To ga bidiyon da Yaya ya turo min ranar Juma'a. Kun ga tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gida, almajirai sun yi sauka, an raba waina da gumba, liman ya yi addu'a, har mai unguwa ya zo da wani tsohon soja ɗan garinmu da ya yi yaƙin basasa, ya sa hularsa ya ƙame ya sara, yara na ta dariya shi ko a jikinsa. Ni wallahi wannan ya fi min duk faretin tunawa da sojoji na 15 ga Janairu da ake yi a Abuja, don can ba wanda ya san shi.

Nan kuma Inna ce, an miƙa mata wayar, ba ta iya boko ba amma ta sa yatsa tana shafa rubutun sunansa. Ku saurari abin da ta ce wa Yaya, “Kai ɗan nan, ce wa na Ingila ya tambayo min, da suka binne shi sun fuskantar da shi alƙibla?”

Har yanzu ban kira ta ba. Allah ya jiƙan Baba Soja, bari in nemi bas, yatsuna sun ƙage.