Ƙaramar .22 ko bindigar da ke ƙugunka: da wacce za ka yi atisaye?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar filin harbi za mu yi, irin wanda ake da shi a nan Amurka, inda doka a jihohi da yawa ta yarda mutum ya ɗauki fistol a jikinsa don kare kai. Tun da fari in faɗa, wannan tsarin ƙasar nan ne. A Najeriya fistol tana cikin makaman da doka ta haramta wa farar hula, lasisinta sai daga shugaban ƙasa, don haka wanda ke kallo daga gida ya ɗauki wannan a matsayin ilimi kawai.

Toh ga harsasai biyu a tafin hannuna, ku duba da kyau. Wannan mai kaurin shi ne 9mm, wanda Georg Luger ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1900, kuma shi ne mafi yawan masu ɗaukar fistol ke amfani da shi yanzu. Wannan ɗan siririn kuma shi ne .22 LR, ya ma girmi wancan, tun 1887 yake kasuwa. Dalmar da ke bakin 9mm na atisaye giram 7.5 ce, ta .22 kuwa giram 2.6 kacal, kuma garin albarushin da ke cikinsa ɗan kaɗan ne. Shi ya sa yake da araha, kuɗin da za ka sayi akwatin 9mm mai guda 50 zai iya saya maka 150 na .22 ko ma fiye, har kwali guda mai ɗauke da 500 ake sayarwa. Wanda ya ga yadda harsashi ya yi wahala a 2020, shaguna wayam, farashi ya hau sama, ba sai an yi masa dogon bayani ba kan abin da ya sa mutane suka koma wa ƙaramar.

Kuma kada wani ya ɗauka sabuwar dabara ce. Tun 1931 kamfanin Colt ya fitar da wata mai suna Ace, kamanninta ɗaya da 1911 ta sojojin Amurka amma .22 take ci, don a samu a yi atisaye da sauƙin kuɗi. Yanzu ma haka ake yi, Glock 44 mai cin .22 da aka sanar da ita a ƙarshen 2019 girmanta ɗaya da Glock 19 mai cin 9mm, kuben da ka saba sa 19 ɗin zai karɓi 44 ɗin, maɓallan duk wuri ɗaya suke. Akwai kuma masu sayen saman bindiga kawai su ɗora a kan tasu ta koma cin .22, kamar Kadet na kamfanin CZ.

Me ƙaramar ke koya maka? Abu babba shi ne kunama. Wallahi yawancin kuskuren harbi a yatsa yake, mutum ya daidaita saiti tsaf, lokacin jan kunama sai ya fizga, bakin bindiga ya kauce ɗan kaɗan, a nisan mita 10 kuwa ɗan kaɗan ɗin nan ya zama tazarar tafin hannu. Da .22 babu ƙara mai firgitarwa, babu shuri mai ƙarfi a hannu, sai hankalinka ya kwanta ka ga da idonka abin da yatsanka ke yi wa saitin. Za ka harba 200 a zama ɗaya hannunka bai gaji ba aljihunka bai yi kuka ba. Zaro ta daga kube, kawo ta daidai ido, harbin farko, sauyawa daga wannan takardar da ake auna da harbi zuwa waccan, harbi da hannu ɗaya, duk waɗannan maimaici suke so, kuma maimaici kuɗi ne. Ga wanda bai taɓa riƙe bindiga ba ma, ni ban ga abin da ya fi a fara masa da ita ba. 'Yan wasan Olamfik masu harbin fistol a mita 25 ai da .22 suke gasa.

Amma fa akwai inda take tsayawa, kuma nan ne nake so ku saurara sosai. Ni kaina na yi kusan wata huɗu ba na taɓa komai sai ƙaramar, takardata ta yi kyau, ramukan duk a cure wuri ɗaya kamar an huda da ƙusa. Ranar da na ɗauko ta 9mm, harbin farko ya shiga tsakiya, na biyu da na uku suka gangara ƙasa ta hagu, na huɗu ma haka. Wani dattijo da ke koyarwa a wurin ya zo ya tsaya bayana, ya karɓi magazin ɗina, wato gidan harsashi, ya cusa harsashin roba na bogi wanda ba ya tashi guda ɗaya a tsakiya ba tare da na ga inda ya sa ba, ya ce ci gaba. Da na zo kansa na ja kunama, ba ta tashi ba, amma na ga bakin bindigar ya duƙa ƙasa da kansa. Hannuna ne ke tura ta tun kafin ta tashi saboda yana jiran shurin. Kuma riƙona ya yi sako-sako, don wata huɗu ƙaramar ba ta taɓa neman in matse ta ba.

Abin da .22 ba za ta ba ka ba kenan. Yadda za ka danne bindiga ta dawo kan saiti bayan ta yi tsalle, yadda za ka jera harbi biyu uku da sauri su faɗa wuri ɗaya, wannan sai da ainihin harsashin da kake ɗauka. Nauyi ma ba ɗaya ba, Glock 44 a cike kusan rabin nauyin Glock 19 ce a cike, kuma guda 10 take ci, waccan 15. Mutanen Colt sun gane wannan matsalar tun a shekarun 1930, shi ya sa suka sake fitar da wata Ace ɗin da wata dabara ta David Marshall Williams wadda ke ƙara wa .22 ƙarfin shuri don ta ɗan yi kama da babbar.

Sai maganar datti. Harsashin .22 a gefen gindinsa ake bugunsa ya tashi, ba a tsakiya ba kamar 9mm, kuma ya fi yawan ƙin tashi, ga kakin da ke jikin dalmar yana tara ƙazanta. Idan ka ja ba ta tashi ba kada ka juyo da ita kana leƙe, bar bakinta yana kallon takarda, ka ɗan jira, sannan ka fitar da shi. Wasu masu .22 ɗin kuma ba a son a riƙa jan kunamarsu babu harsashi, yana ɓata su, duba littafin da ya zo da taka.

Kuma don Allah a daina kiranta abin wasa. Da .22 aka harbi shugaba Ronald Reagan a 1981, harsashin ya shiga huhunsa, sakataren yaɗa labaransa James Brady kuma ya rayu da nakasa har ƙarshen ransa. A jikin akwatunan ma ana rubuta gargaɗin cewa yana da haɗari har nisan fiye da mil guda. Abin toshe kunne, tabarau, wanke hannu da sabulu bayan an gama saboda dalma, duk suna nan daram.

Yadda nake yi yanzu, ina farawa da ƙaramar, kamar guda 150, a hankali, kunama da zarowa. Sai in ajiye ta in ɗauko wadda nake ɗauka kullum in harba 30 zuwa 50, da harsashin roba biyu a ɓoye cikin magazin, kuma da ita nake rufewa don abin da hannuna zai tafi gida da shi ya zama nauyinta da shurinta. In kuɗi ya yi ƙasa a wata, na fi yarda in rage na .22 da in tsallake waɗannan 30 ɗin.