Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya a Ɗakin Gwajin Sankarar Bakin Mahaifa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Kwamishinan Lafiya, shugaban asibiti, iyayenmu sarakuna, likitoci, ungozomomi da sauran ma'aikata, barkanku da zuwa. Ranka ya daɗe, a madadin ma'aikatan wannan ɗaki ina yi maka lale marhabin. Manyan baƙi sun saba tsayawa a ɗakin haihuwa da na tiyata, ba kasafai ake ƙarasowa nan bayan gini ba, shi ya sa zuwanka ya yi mana daɗi ƙwarai.

Ƙididdigar 2020 ta nuna mata kusan 12,000 ne ke kamuwa da sankarar bakin mahaifa a Najeriya duk shekara, kusan 8,000 kuma su rasu. Tun Oktoban 2023 ake yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin ƙwayar cutar HPV, wadda ke haddasa wannan sankara, amma iyayensu mata gwaji ne gatansu. Hukumar Lafiya ta Duniya na so nan da 2030 a gwada kashi 70 cikin ɗari na mata da sun kai shekara 35, a sake a 45. Duk wannan ɗimbin samfuri da za a ɗauko daga bakin mahaifa ɗakuna irin namu zai zo.

Ranka ya daɗe, sakamakon da ke hana mu barci shi ne wanda muka rubuta wa "lafiya lau". Idan muka ce akwai matsala, likita zai sake dubawa, ya yanki tsoka, gaskiya ta fito. Wadda aka ce mata ba komai kuwa gida za ta koma da murna, sai bayan shekaru. In kuskure ne, ba mai ganewa sai jini ya ɓalle. Yawancin matakan tabbatar da ingancin aikinmu don wannan matar aka kafa su.

Tun daga hannun ungozoma abin ke farawa. Da ta shafa samfurin a kan ɗan gilashi, nan take sai ta tsoma shi cikin sifirit mai ƙarfin kashi 95. A hunturu, jinkirin ɗan lokaci ya isa iska ta busar da shi, ƙwayoyin halittar su kumbura su dishe, har gwani ya kasa bambance mai lafiya da mai ciwo. Gilashin da sunansa bai dace da na takarda ba mayar da shi muke yi, ko wa ya aiko. Kowace safiya kuma sai an tace ruwan rinin da muke rina samfuri da shi, an gwada shi, kafin a taɓa na majiyyata, domin ƙwayar halittar da ta ɓalle daga gilashin wata tana iya mannewa a na wata.

A ƙarƙashin madubin likita muna bin tsarin Bethesda, wato ƙa'idar tantancewa da rubuta sakamakon wannan gwaji, wanda aka fara a 1988, aka gyara a 2001 da 2014. A tsarin, gilashi irin wanda ake shafa wa samfuri kai tsaye sai ya ɗauki ƙwayoyin halitta 8,000 zuwa 12,000 kafin a yarda a yanke hukunci da shi. In ya gaza, sai mu rubuta bai isa ba, a sake ɗauka. Likitoci kan yi mana tsaki a kan haka, mun kuwa gwammace tsakin.

Daga cikin waɗanda aka ce lafiya lau, aƙalla ɗaya cikin goma wani ma'aikaci daban zai sake dubawa kafin sakamako ya fita. Idan aka samu mace da ciwo mai tsanani, sai mu ɗauko gilasanta na shekara biyar baya mu ga ko an tsallake wani abu. Sannan muna kwatanta abin da muka faɗa da abin da gwajin tsoka ya nuna, mu zauna a kan duk inda suka saɓa. Dokar Amurka ta 1988 ta hana ma'aikaci ɗaya duba fiye da gilashi 100 cikin awa 24, saboda ido na gajiya. A ganina, wanda aka ɗora wa wasu ayyukan asibiti bai kamata ya kusanci wannan adadin ba.

Ga kokenmu, ranka ya daɗe. Muna buƙatar ƙarin ƙwararru, don sake dubawa ba ta yiwuwa da mutum ɗaya. Muna buƙatar tsayayyen lantarki saboda na'urar gwajin HPV da sinadaranta. Sai kasafin da zai ba mu damar shiga jarrabawar waje, inda ake aiko mana da samfurin da ba mu san amsarsa ba a auna mu, sharaɗi ne a ISO 15189, ma'aunin duniya na ingancin ɗakunan gwajin lafiya.

Mun ajiye maka gilashi biyu a kan madubi, ɗaya da aka tsoma a kan lokaci, ɗaya da iska ta sha. Bismillah, a shigo a gani. Allah ya saka da alheri, ya mayar da kowa gidansa lafiya.