Amsoshin Tambayoyinku: Kalmar "split" da ire-iren rabon da take nufi

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa daga nan Yamai. Wasiƙu uku ne a gabanmu yau, kuma dukansu sun taru a kan kalma guda ta Ingilishi, wato "split". Mun ce Ingilishi ne da gangan, domin a nan ƙasar tamu idan aka ce Turanci, mutane da yawa Faransanci suke ɗauka ana nufi.

Wasiƙar farko ta fito ne daga wani Alhaji, ɗan kasuwar albasa a Galmi cikin jihar Tawa. Ya ce wani baƙo ya zo daga Kumasi sayen kaya, suka tsaya ciniki a kan buhu, shi ya ce jika talatin, baƙon ya taya jika ashirin da shida. Da aka daɗe ana ja, sai baƙon ya miƙo hannu ya ce, "let us split the difference." Yaron Alhaji da ke ɗan jin Ingilishi ya fassara masa cewa mutumin yana so a raba buhun biyu, shi kuwa Alhaji ya ce ba ya sayar da rabin buhu, har ciniki ya kusa watsewa. Yana tambaya, me baƙon yake nufi?

To Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Yaronka bai yi kuskure a kan kalmar ba, ya dai ɗora ta ne a kan abin da ba shi ake rabawa ba. Baƙon ba buhu yake so a raba ba, tazarar da ke tsakanin kuɗinka da tayinsa yake nufi. Tsakanin talatin da ashirin da shida akwai jika huɗu, to kai ka sauko da biyu, shi ya hau da biyu, ku haɗu a ashirin da takwas. Wannan kuwa abu ne da kake yi kowace ranar kasuwa, lokacin da dillali ya riƙe hannunka da na mai saye ya ce kowa ya rage wani abu a daidaita a tsakiya.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan asalin kalmar, domin wanda ya kama asalinta ba zai sha wuyar sauran ma'anoninta ba. Ta shigo Ingilishi ne a ƙarshen ƙarni na 16 daga harshen mutanen Holan, kuma a bakin matuƙan jiragen ruwa ta fara yawo, suna faɗinta idan jirgi ya bugi dutse ya tsage. Saboda haka ma'anarta ta farko ita ce tsagawa. Ku duba mai faskare a ƙofar gida da safe: yakan tsayar da guntun itace, ya nemi inda jijiyarsa ta bi, ya ɗaga gatari ya sauke sau ɗaya, itacen ya dare biyu daga sama har ƙasa. Wannan aikin shi ne "split" tsantsa. Haka nan idan dattijo ya sa farce a tsagin goro ya ɓare shi ya miƙa wa maƙwabcinsa ɓari guda, ko wando ya tsage a ɗinki, ko leɓe ya tsattsage saboda hunturu. A duk waɗannan, abu ɗaya ne cikakke ya rabu ta inda dama yake da hanyar rabuwa, kuma daga nan ne kalmar ta miƙe zuwa rabon kuɗi, da rabon aiki, da rabuwar mutane.

Wasiƙa ta biyu daga wata ɗaliba ce a Jami'ar Abdou Moumouni. Ta ce tun ajin farko na koleji take karatun Ingilishi, amma har yau ba ta rarrabe "split" da "divide" da "share", kuma malaminta ya ja mata jan biro a kan "splitted" da ta rubuta a jarrabawa.

Malama, mu fara da mai sauƙin. Malaminki yana da gaskiya, domin wannan aikatau ba ya sauya siffa: ko jiya aka yi, ko yau, ko an riga an gama, "split" ne, kamar yadda "cut" da "put" suke. Ki kula kuma da lafazi, saboda harshenmu bai saba jera baƙaƙe uku a farkon kalma ba, shi ya sa za ki ji ana cewa "sifilit". Abin da ya fi wannan haɗari shi ne musanya haruffa: "spilt" na nufin an zubar da ruwa ko madara, "spit" kuwa tofar da yawu ne.

Game da kalmomin uku, shawarar da muke ba ki, kuma muna ba da ita da zuciya ɗaya, ita ce ki daina bi ta Faransanci kafin ki isa Ingilishi, ki taso kai tsaye daga Hausa, domin Hausa ta fi wadatar kalmomi a wannan fage. Muna da raba, da rarraba, da kasa, da tsaga, da ɓare, da faskara, da tarayya. "Divide" ƴar'uwar "diviser" ce ta Faransanci, dukansu daga Latin suka fito, kuma ita ce kalmar lissafi da takarda da hukuma. Idan za a raba 12 gida 3 a allo, "divide" ake cewa. Idan alƙali da malamai suka zauna rabon gado, kowa da kasonsa, mata tumuni idan akwai ƴaƴa, namiji rabon mata biyu, nan ma ita ta fi dacewa, saboda rabo ne na awo da ƙa'ida. "Split" kuwa ta bakin yau da kullum ce, kuma idan ba a faɗi kaso ba, mai ji yakan ɗauka daidai wa daida ne. Abokai huɗu da suka ɗauki taksi ɗaya daga Wadata zuwa Harobanda suka haɗa kuɗin, kowa ya ba da rubu'i, sun yi "split" na kuɗin mota. Maƙwabtan da suka yi watanda da salla, suka sayi sa guda aka yanka aka kasa naman tuli tuli a kan tabarma, su ma haka.

"Share" ita ce ta fi ruɗa mutane, domin sau da yawa babu abin da ake yankawa a cikinta. Ɗalibai biyu da ke kwana ɗaki ɗaya suna "share" ne, ɗakin yana nan yadda yake, tarayya suke yi a cikinsa. Ranar da suka saɓa suka rataya labule a tsakiya, kowa ya ja katifarsa gefe, to ranar ce suka yi "split". Iyalin da ke cin tuwo a akushi ɗaya tarayya suke, wanda aka zuba wa kowa nasa a kwano kuwa an raba musu. Idan kika riƙe wannan hoton na ɗaki da labule, ba za ki ƙara haɗa su ba.

Wasiƙar ƙarshe wani malamin makaranta ne ya aiko daga cikin garin Tawa. Ya ce yana sauraron labarai da Ingilishi don ya gyara kunnensa, kuma ya ji kalmar a labarin siyasa, ya ji ta a labarin dambe, har ma a wani shiri kan makamashin nukiliya, sai yake tambaya ko duk kalma ɗaya ce.

Ɗaya ce, Malam. A siyasa, ita ce abin da muke cewa jam'iyya ta dare gida biyu, kuma ana faɗinta ga ƙasa ma, kamar yadda Sudan ta rabu a 2011 aka sami Sudan ta Kudu. Idan aka ƙara mata "up" aka ɗora ta a kan miji da mata ko abokan kasuwanci, to sun rabu ke nan. A damben zamani, inda alƙalai uku ke ba da maki, idan biyu suka ba wa ɗan wasa guda nasara, na uku ya ba abokin karawarsa, ana kiran hukuncin "split decision", wato kan alƙalai ya rabu. Mu da muka saba da kokowa, inda faɗuwa ƙasa ke yanke magana a gaban kowa, wannan ba kasafai yake taso mana ba.

Batun nukiliya kuwa ya shafe mu fiye da yadda muke zato. A watan Disamba na 1938, a birnin Balin na ƙasar Jamus, masana biyu, Otto Hahn da Fritz Strassmann, suka gano cewa ƙwayar zarrar yuraniyom tana iya tsagewa ta zama ƙananan ƙwayoyi, kuma wannan tsagewar tana sakin zafi mai yawan gaske. Da Ingilishin yau da kullum, "split the atom" ake ce wa aikin. Yuraniyom ɗin da aka fara haƙowa a Arlit tun 1971, wannan tsagawar ake kai shi a yi masa a tashoshin wutar lantarki.

Ka kuma tambayi "splitting headache" da ka ji wani ya faɗa. Ciwon kai ne mai tsanani, irin wanda mai shi ke dafe goshi da hannu biyu yana cewa kansa kamar zai tsage. "Split hairs" kuwa, wadda masu Faransanci ke cewa yanka gashi gida huɗu, ana faɗa wa mai ƙwaƙƙwafi ne, wanda za a gama magana ya koma yana jayayya a kan abin da bai kai ya kawo ba.